A shirya wa zaɓe tun annoba ba ta zo ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in tunatar da hukumar zaɓe ta INEC abin da cutar korona ta koya mana. A shekarar 2020 Habasha ta ɗage babban zaɓenta zuwa 2021, yayin da Koriya ta Kudu ta gudanar da nata a watan Afrilu, masu jefa ƙuri'a na sanye da takunkumi da safar hannu. Mu ma an yi zaɓen gwamna a Edo da Ondo a shekarar ta 2020, amma cunkoson tarukan kamfen ya rusa dokar ba da tazara.

Abin da ke damuna a nan Sakkwato shi ne, babban zaɓenmu yakan faɗo a watannin farko na shekara, daidai lokacin da sanƙarau ke yaɗuwa, kuma ba mu manta da ɓarnar da ya yi a 2017 ba. Tsarin mulki ya ƙayyade wa zaɓaɓɓun shugabanni wa'adin shekara huɗu, abin da ke sa ɗage zaɓe kamar yadda Habasha ta yi ya yi wuya, kuma ba mu da jefa ƙuri'a ta gidan waya. Don haka ina kira ga hukumar da ta ƙara rumfuna a unguwannin da ke da cunkoso, ta kuma keɓe wa tsofaffi da marasa lafiya layinsu da sanyin safiya.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato