Edita, kamfas ɗin tsuntsu a ido ake nemansa yanzu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikata. Ina jin shirinku na kimiyya duk sati, kuma na ji wanda aka yi kan yadda tantabara take gane gida, inda wani ɗan'uwa ya bugo waya ya ce ai ƙarfe ne Allah Ya sa mata a baki kamar allurar kamfas, aka ce masa haka ne aka wuce. To gaskiya wannan maganar ta tsufa. Tun 2012 wasu masu bincike a Vienna suka sake duba ƙwayoyin nan masu ƙarfe na bakin tantabara, sai ga shi ƙwayoyin garkuwar jiki ne, ba jijiyoyin da za su kai saƙo ƙwaƙwalwa ba. Maganar ƙarfen ba ta mutu ɗungurungum ba, don akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗan maganaɗisu a cikinsu da gaske, amma a wajen tsuntsaye masu ƙaura hankalin masana ya fi komawa kan ido.

Abin ya faro ne daga wasu mata da miji a Frankfurt ta Jamus, Wolfgang da Roswitha Wiltschko, waɗanda a 1972 suka nuna cewa ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji da ake cewa robin ba ya karanta arewa da kudu irin na kamfas ɗin da muke neman alƙibla da shi, shi karkatar layukan maganaɗisun duniya yake bi, wato yadda suke sunkuyawa cikin ƙasa, da haka yake rarrabe ɓangaren ƙuryar duniya da ɓangaren tsakiyarta. Daga baya kuma aka ga abin yana son haske, a shuɗi ko kore tsuntsu yana kama hanya, a jan haske sai ya rikice. To me ya haɗa ƙarfe da launin haske? Nan ne tunanin Klaus Schulten na 1978 ya shigo, sannan a 2000 shi da abokan aikinsa suka ambaci wani furotin mai suna kiriftokurom da ke cikin tantanin ido.

Yadda na fahimce shi, kuma ku yi haƙuri da tsawon zance, idan shuɗin haske ya faɗa kan furotin ɗin sai elektiron ɗaya, wato 'yar ƙwayar lantarki, ya yi tsalle daga wani sashe zuwa wani, a samu elektiron biyu kowanne shi kaɗai amma juyawarsu a haɗe take, suna ta sauyawa tsakanin hali biyu cikin abin da bai wuce ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, shi kuma maganaɗisun duniya duk da rauninsa (na jikin ƙofar firij ya ninka shi nesa ba kusa ba) yana iya ɗan karkata wannan sauyawa, ya danganta da inda tsuntsun ya juya kansa, sai sakamakon sinadarin ya canza, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. A 2021 ƙungiyar Henrik Mouritsen na Oldenburg da Peter Hore na Oxford suka haɗa kiriftokurom 4 irin na robin a ɗakin gwaji, suka nuna yana jin maganaɗisu, har ya fi na kaza da na tantabara ji. Sai dai a kwalba aka yi, da maganaɗisun da ya fi na duniya ƙarfi sosai, saboda haka kar mai gabatarwa ya ce an gama magana. Hujja ce mai ƙarfi, ba a rufe littafi ba. Mu ma 'yan Adam muna da namu kiriftokurom ɗin, aikinsa da aka tabbatar shi ne saita agogon barci da farkawa.

Abin da zai ba ku dariya ku 'yan rediyo, a 2014 su Mouritsen ɗin suka bayyana cewa tsuntsayensu na kasa gane hanya a cikin harabar jami'a, sai da suka lulluɓe bukkokin gwajin da farantan alminiyam sannan suka dawo daidai. Hayaniyar na'urorin lantarki ce mai rauni, a zangon da ya haɗa da na rediyon AM. Ba siginar wayar salula ba ce, kafin wani ya ɗauka ya watsa a WhatsApp.

Ni dai abin da ya sa na rubuto shi ne, maganar nan ta shafe mu kai tsaye. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya yana ratsa Afirka ta Yamma ta wajen arewacin Ghana, kuma a nan layukan a kwance suke, ba karkata, wato daidai inda kamfas irin wannan ba shi da abin karantawa. Amma ga tsuntsayen bakin ruwa suna tasowa daga Turai kowace shekara, su ƙetare wajen su sauka Sakumono kusa da Tema, da Keta da bakin kogin Densu. Su Wiltschko sun gwada wani ɗan tsuntsu mai ƙaura, suka ajiye shi kwana kaɗan cikin maganaɗisu a kwance, da aka mayar da shi sai ya juya fahimtarsa kamar wanda ya ƙetare layin. Taurari da faɗuwar rana ma suna taimaka musu.

Don Allah ku maimaita shirin, ku gayyato wani daga sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Ghana da ke Legon ko Ghana Wildlife Society, ku haɗa shi da ɗaya daga cikin masu kiwon tantabara na Nima ko Mamobi, don su sun san halinta ciki da waje kuma tambayoyinsu za su fi nawa kaifi. In da hali a sa shi bayan Isha, yawancinmu da rana muna kasuwa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku daga Nima, Akra