Kayan zaƙi na walimar hutu ba sai da gashi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana da 'yan uwana mata. Babban hutu ya zo, yara na son walima, kuma a zafin Damagaram da ke wuce digiri 40 ban ga dalilin zama gaban gawayi ana gasa kek ba.

Ga abin da nake yi. Ina zuba kindirmo a ƙyalle mai tsabta ya tsane, sai ya yi kauri har cokali ya tsaya, sannan in gauraya shi da madarar gwangwani mai zaƙi. Tsanewar nan ita ce gaba ɗaya aikin, don ruwan nono ke jiƙa biskit ya koma kunu. A kwanon gilashi nake shimfiɗa dakakken biskit, in bi da kindirmon, in jera yankakken mangwaro, in sake maimaitawa. Idan mangwaro ya ƙare a Kasuwar Dole, ayaba ta wadatar. Soyayyar gyaɗa a sama, sai firigo awa 4.

Don Allah iyaye, kayan nono ne. Idan an ɗauke wuta a sa shi a kula da ƙanƙara, kada a fito da shi sai za a ci.

Wata uwa daga Birni, Damagaram