Wasiƙar Godiya ga Ofishin Dayosis ɗin Angilikan na Dutse

Zuwa ga Baba Bishop, da sakataren dayosis, da dukan ma'aikatan ofishinku, manya da ƙanana. Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da kuma aikin da Allah ya danƙa a hannunku.

Na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a fili maimakon in aiko da ita cikin ambulan, domin alherin da aka yi wa mutum bayan ya riga ya fid da rai bai kamata a yi godiyarsa a ɓoye ba. Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Kazaure, kuma dattawan ikilisiyarmu ne suka ɗora mini nauyin rubuta taƙaitaccen tarihi da za a karanta ranar bikin godiyar kaka. Abin da ya jawo hakan shi ne matasanmu sun fara tambayar yadda aka yi muka sami namu Bishop a Jigawa, alhali iyayensu suna gaya musu cewa a da duk abin da ya shafi Bishop sai an nufi Kano. Yawancin tsofaffin da suka ga farkon al'amarin sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa suna tuna abin da ya faru sarai, amma ba su riƙe shekara ba, sai dai su ce maka bayan an ba mu jiha ne, ko kuma kafin rasuwar wane. Tarihin da za a karanta a gaban jama'a yana bukatar abin da ya fi haka ƙarfi.

Kafin in iso wurinku na sha wuya, kuma dole in faɗe ta domin a gane girman abin da kuka yi. Na je wani ofishi da aka ce mini ana adana tsofaffin takardu, na tarar da mai riƙe da makulli ba ya nan, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce sai na kawo takardar neman izini. Na kawo ta, aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Daga baya wani ya ja ni gefe ya nuna mini cewa idan da ɗan abin goro, ana iya samun makullin a ranar. Na je wani ɗakin karatu, inda na tarar da kantoci cike da ƙura, mai kula da wurin kuma bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba sa'ad da yake ce mini babu. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne wanda na gani a ofishin wata babbar majami'a a birni, inda aka bar ni a kan benci tun hantsi har bayan azahar, ina kallon masu manyan motoci ana shigar da su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe aka tambaye ni wa ya turo ni. Kowace irin wannan tafiya kuɗin mota ce daga aljihun ɗan fansho, kuma yini ne guda da aka bar gona a tsakiyar aiki.

Saboda haka da zuciya a sanyaye na hau motar Dutse, domin daga wajenmu sai an ratsa ta Kano, kuma na riga na shirya wa jin kalmar nan ta a dawo gobe. Sai ga shi wata yarinya matashiya da ke aikin magatakarda ta miƙe tsaye da ganina, ta ce, "Sannu da hanya, Baba, daga ina kuke?" Ta ba ni kujera, ta kawo mini ruwa, ta bari na huta, sannan ta saurari bayanina har ƙarshe ba tare da ta katse ni ba. Ba ta tambayi wanda ya turo ni ba. Ba zan ambaci sunanta a nan ba, domin ban nemi izininta ba, amma ku da kuke aiki tare da ita kun san ko wace ce.

Ta fito mini da kalandar shekara ta coci, wadda ke ɗauke da jerin dayosis-dayosis na ƙasar nan, wato yankunan coci da kowanne ke ƙarƙashin Bishop guda, da shekarun da aka kafa su, da wasu ƙananan littattafai na tarurruka da bukukuwan baya, da kuma rajistar waɗanda Bishop ya ɗibiya wa hannu, wato ya ɗora musu hannu ya tabbatar da su cikin bangaskiya. Duk a jere suke cikin kabad, babu gara, babu alamar yoyon ruwa. Ta zauna kusa da ni tana buɗe shafi tana karantawa ina rubutawa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda take rarrabe abin da ta gani a takarda da abin da ta ji a bakin mutane. Takan ce, "Baba, wannan a rubuce yake, ku sa shi. Wancan kuwa ji na yi, kada ku sa sai kun tabbatar." Na yi shekaru ina koyarwa, kuma na san ba kowane mai takardar digiri ba ne yake da wannan gaskiyar. A cikin rajistar ta nemo mini sunan yayana marigayi, da ranar da aka tabbatar da shi, ta juyo littafin ta sa a gabana, ta yi shiru har na gama share hawayena.

A wurinta ne na fara ganin zaren labarin daga farko har ƙarshe, kuma zaren ya kai ni ga mutumin da ban taɓa gani da idona ba, wato marigayi Akbishop Joseph Abiodun Adetiloye. An haife shi ranar Kirsimeti ta shekarar 1929 a garin Odo-Owa da ke ƙasar Ekiti, ya tashi maraya, domin mahaifinsa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. Ya yi karatun aikin limanci a Ibadan, ya ƙara karatu a Ingila, a Landan da Oksfod, sannan ya dawo ya koyar a kwalejin Immanuel ta Ibadan, inda ake horar da masu hidima. A 1970 aka keɓe shi Bishop na Ekiti, a 1985 aka mayar da shi Legas, a 1988 kuma ya zama shugaban Cocin Angilikan na Najeriya baki ɗaya, shi ne na biyu bayan Akbishop Timothy Olufosoye, wanda ya fara riƙe wannan kujera sa'ad da cocin ya tsaya da ƙafarsa a 1979.

Kafin a gane abin da wannan bawan Allah ya yi, sai an dubi yadda Arewa take kafin zuwansa. Tun a 1900 Bishop Herbert Tugwell na CMS, ƙungiyar masu bishara ta Cocin Angilikan daga Ingila, ya iso Kano tare da Dokta Walter Miller da abokan tafiyarsu, amma Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, suka juya. Daga baya aikin ya kafu a Zariya, ya koma Wusasa a 1929, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Duk da haka, sai a 1954 aka kafa dayosis ta Arewa, Bishop John Mort shi kaɗai yana kula da wannan ƙasa mai faɗi, kuma sai a 1980 Kano da Jos suka sami nasu. A tsarin cocinmu, Bishop ne kaɗai ke ɗibiya hannu ya tabbatar da waɗanda aka yi wa baftisma, shi ne ke naɗa masu hidima, shi ne ke keɓe majami'a. Idan yana nesa, to komai sai ya jira. Kowane manomi ya san gonar da ke nesa da gida ita ce ciyawa ke fara cinyewa, ba don mai ita ba ya sonta ba, sai don ƙafarsa ba ta yawan taka ta.

Abin da Adetiloye ya yi shi ne ya juya tsarin da aka saba. A da sai masu bi sun yi yawa a wuri, sun iya ɗaukar nauyin kansu, sannan a ba su Bishop. Shi kuwa ya ce a fara tura Bishop ɗin, ya je ya zauna a cikin mutane a matsayin mai bishara, ya kafa ikilisiyoyi daga tushe. Taron Lambeth na 1988, wato babban taron bishop-bishop na Angilikan na duniya, ya riga ya keɓe shekarun 1990 domin aikin bishara, kuma Adetiloye bai bar maganar a takarda ba. A cikin watan Satumba na 1990 kaɗai aka buɗe sababbin dayosis takwas a Arewa, wato Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurɗi, Yola, Maiduguri da Bauchi.  Da yake waɗannan wurare ba su da ƙarfin biyan albashi ko gina gida, sai ya sa ikilisiyoyi masu hali na Kudu, musamman na Legas, suka ɗauki nauyinsu a shekarun farko. Bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agusta na 1991, zagaye na gaba ya iso gare mu: a watan Disamba na 1996 aka buɗe Dutse, tare da Kebbi, Damaturu, Jalingo da Otukpo, aka ba mu Bishop Yusufu Lumu ya zama na farko. Sa'ad da Adetiloye ya karɓi shugabanci dayosis-dayosis na ƙasar nan ba su kai 30 ba, sa'ad da ya ajiye aiki a 1999 sun kai 76. Ya koma mahaifarsa, ya rasu a watan Disamba na 2012.

Na san akwai masu cewa an yi gaggawa, an buɗe wurare da yawa da har yau ba su iya riƙe kansu ba, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya, domin mu ma mun ga masu bishara da suka yi watanni babu albashi, da majami'un da aka aza harsashinsu aka bar su babu rufi. Amma mu da muke ƙauye mun san abin da muka samu. Mun ga Bishop ya sauka a ƙofar majami'ar ƙasa mai rufin kwano, ya zauna a kan tabarma tare da dattawa, ya gaisa da mai unguwa da limamin gari, ya yi wa'azi da Hausa. Da an jira sai mun yi yawa ko mun yi arziki, da har yanzu muna jira. Wannan ce amsar da zan kai wa matasanmu, har da masu jin kunya idan an ce musu addininsu na baƙi ne: mutumin Ekiti ne ya matsa a kawo mana Bishop kusa, amma nufinsa shi ne ikilisiya ta zama tamu, da harshenmu, a hannun 'ya'yanmu.

Da muka gama, yarinyar nan ta ofishinku ta kai takardun da nake bukata aka yi mini hotonsu, aka karɓi kuɗin takarda kawai aka ba ni rasit. Na ciro ɗan abin da ke aljihuna na miƙa mata, na ce, "'Yata, ga wannan ki sha ruwa." Ta sa hannu biyu ta mayar mini, ta ce, "A'a, Baba, ai aikina ke nan, ku riƙe ku yi kuɗin mota." Ta rako ni har bakin ƙofa, ta nuna mini inda zan sami abin hawa zuwa tasha.

Abin da ke damuna, ranka ya daɗe, shi ne a ce irin wannan hali ya zama abin mamaki a ƙasarmu. Ba ta yi wani abu da ya wuce abin da aka ɗauke ta aiki dominsa ba, amma ga shi dattijo ya zauna yana rubuta doguwar wasiƙa a kai, saboda a wurare da yawa an mayar da haƙƙin talaka kamar alfarma. Je ka neman takardar haihuwar jikanka, ko takardar fili, ko ka bi sawun fanshonka, za ka ji fayil ya ɓata, ko oga yana taro, ko na'ura ta lalace. Mutumin ƙauye da an ga rigarsa da takalminsa an riga an yanke masa hukuncin jira. Tsofaffin takardu kuwa, waɗanda su ne shaidar abin da iyayenmu suka yi, ana jibge su a ɗakin ajiya tare da karyayyun kujeru har gara da damina su gama da su, sannan gobe a zo ana jayayya a kan iyakar gona ko shekarar naɗin wani, babu mai hujja. Wannan cuta ba ta bar ofisoshin addini ba, namu da na 'yan'uwanmu, inda sau da yawa girman baikon da mutum ke bayarwa a wurin ibada ne ke nuna kujerar da za a ba shi. Ikilisiyoyin ƙauye ma muna da namu sakacin, domin akwai inda rajistar baftisma take a gidan wani tsohon sakatare da ya rasu, 'ya'yansa ba su san darajarta ba.

Saboda haka ina roƙon Baba Bishop, idan hali ya yi, a turo wannan yarinya ko wani irinta ya zagaya gundumomi ya koya wa sakatarorinmu yadda ake rubuta rajista da adana ta, a kuma sa matasa su ɗauki muryar tsofaffin masu bishara da suka rage tun suna da ƙarfin magana. Mu a wajenmu a shirye muke mu ba da masauki da abinci. Idan an kammala tarihin da nake rubutawa zan aiko da kwafi guda a ajiye a ofishinku, kuma dattawa sun ce in miƙa gayyata ga duk wanda ya sami dama daga cikinku ya zo bikin godiyar.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba Bishop lafiya da hikima, ya albarkaci wannan yarinya da iyayen da suka yi mata tarbiyya.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Wani tsohon malamin firamare, daga ƙasar Kazaure, jihar Jigawa.