Zuwa ga Malam Bala, kan kuɗin ambaliya

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya baƙunta, ya sanyin Amurka? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta ɗauke, sai dai ta bar wa mutane aiki. Inna na gaishe ka, ta ce Allah Ya yi albarka, maganin ƙafar ya iso.

Abu biyu ka tambaye ni: ta wace hanya za ku aiko da gudummawar da 'yan Zazzau na can suka haɗa wa waɗanda ruwa ya ci gidajensu, sannan ko gaskiya ne an ba kowace jiha naira biliyan 3. Na biyun gaskiya ne. Ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, shi ya sanar a 2024, shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba ta shanye Maiduguri. Jihohi 36, biliyan 108 ke nan. To amma Bala, kuɗi su bar Abuja daban, su iso gindin katangar da ta faɗi daban.

Ai ba yau aka fara ba. Ka tuna ambaliyar 2012, lokacin kana nan? Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Jonathan ya fitar da biliyan 17.6, aka kasa jihohi gida huɗu. Irin su Kogi da Binuwai da Adamawa miliyan 500 kowacce, mu Kaduna muna rukuni na biyu, miliyan 400. Kuɗin suka shiga hannun gwamnoni, daga nan labari ya sha bamban daga jiha zuwa jiha.

Wanda aka tona har ƙasa shi ne wani da ya faru tun kafin wannan, na Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato. Sama da naira biliyan 1 aka ba jiharsa daga asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981 don zaizayar ƙasa da ambaliya da makamantansu. A gaban kotu aka ji inda suka bi, har da miliyan 100 da suka tafi aljihun jam'iyyar PDP. A 2018, yana sanata mai ci, aka yanke masa shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 10, kotun ƙoli ta tabbatar a 2021. Sai ga shi a 2022 gwamnatin Buhari ta yi masa afuwa. Duk kwamishinan da ke kallo ya ɗauki darasi, kuma ka san wane darasi ne.

Amma ni ba wannan babbar satar ce ta fi ci mini rai ba. Ɓarnar da na gani da idona a wajen rubuta suna ake yin ta.

A wata unguwa da ke bakin kogin Kubanni, ba zan kama suna ba, wasu mutane suka zo da littafi da biro, wai ƙididdigar waɗanda abin ya shafa. Maimakon su naɗe ƙafar wando su shiga lungu, sai aka shimfiɗa musu darduma a zauren shugaban jam'iyya na mazaɓa, aka kawo lemo. Shi ke kiran suna, su suna rubutawa. Akwai wata gwauruwa mai sayar da ƙosai, ɗakunanta biyu na jar ƙasa suka zube a dare ɗaya, buhun wakenta ya tsira a cikin taɓo, tana kwana da marayu huɗu a soron maƙwabta. Sunanta bai shiga ba, don ɗanta babba ya yi wa wata jam'iyya wakilin akwati. Wani kuwa mai gidan bulo a kan tudu, wanda ko takalminsa bai jiƙe ba, ya samu bandir ɗin kwano da siminti.

Ranar rabo sai ka ce biki. An kafa rumfuna, ga maroƙa, ga masu ɗaukar hoto. Mata suka zauna a rana tun hantsi har bayan la'asar ana jiran mai girma. Kowane buhun shinkafa da hoton fuskarsa a jiki, yana murmushi. Da mai unguwa ya yi ta roƙo, aka sa baiwar Allah nan a ƙarshen layi, ta samu tiya biyu ta shinkafa da bokiti da gidan sauro. Ta durƙusa har ƙasa tana cewa Allah Ya ja zamanin mai girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin nan nata ne, da sunan asararta aka karɓo su daga Abuja, amma an mayar da su kyauta, ita kuma an mayar da ita mai godiya. Wanda ya yi godiya kuwa ba ya komawa ya tambayi sauran nawa ne, kuma ran zaɓe za a tuna masa.

Na yi dariya da ka ce ko a New Jersey ɗinku an taɓa irin haka. Na san labarin: bayan guguwar Sandy ta 2012, an ɗebi dala miliyan 25 daga tallafin tarayya aka yi tallar jawo baƙi, da Gwamna Chris Christie da iyalinsa a ciki, a 2013, shekarar da yake neman tazarce. Hoto a jikin buhu ne dai, nasu a talabijin. Bambancin kawai, can an samu mai binciken kuɗi da ya buɗe fayil, 'yan jarida suka bi diddigi. Mu nan majalisar jiha da ya kamata ta tambayi gwamna, a aljihunsa take kwana.

Saboda haka kada ku zuba gudummawarku a kowane asusun gwamnati, kada kuma ku ba wani mai neman kujera, ko da ɗan uwan ɗayanku ne. Na yi magana da liman da mai unguwa da wata malamar Islamiyya da ta san cikin gidaje, tunda mu maza iyakarmu zaure. Mun taka gida gida, mun rubuta wanda ɗakinsa ya faɗi da abin da yake bukata. Ba za mu raba kuɗi a hannu ba. Kwano da katako da ƙusa da siminti za mu saya a Sabon Gari, mu biya magina. Za a karanta sunayen a masallaci bayan sallar Juma'a kafin a taɓa ko kwabo, mai ƙorafi ya tashi ya faɗa. Rasit ɗin kowane kaya zan ɗauki hotonsa in turo maka ta WhatsApp.

Ku dai hanzarta, don farashin siminti ba ya jiran kowa, kuma so muke a rufe ɗakunan kafin hunturu ya kankama.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka shafa kan yara. Ka ce wa Alhaji Ƙarami har yanzu ina bin sa bashin waya.

Naka har kullum,
Sani