Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Nazari kan Takaddamar Mawallafin Wasannin Shakespeare

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan'uwa membobi.

A babban taron bara kun ɗora wa wannan kwamiti aiki guda: ya samo wa malaman adabi amsar da za su riƙa ba ɗalibai in sun zo da maganar nan da ta zama ruwan dare, wai ba William Shakespeare ne ya rubuta wasannin da ake jingina masa ba. Tunda manhajar adabin Turanci ta WAEC ba ta rabuwa da wasansa, tambayar ma ba ta rabuwa da aji.

Mun fara da tattara hujjoji. Kowace hujja mun rubuta ta a kati ɗaya, da shekararta, da sunan mai shaidar, da bayanin ko ya yi zamani da mutumin. Katunan masu shakka ba na yarwa ba ne. Mutumin Stratford, wato William Shakespeare ɗan garin Stratford a Ingila, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1616, ɗan mai ɗinka safar hannu ne, bai shiga jami'a ba. Ba a sami wasiƙarsa ko ɗaya ba. Sa hannunsa shida ne suka rage, uku daga ciki a kan wasiyyarsa, kuma wasiyyar ba ta ambaci littafi ba.

Sai dai da aka jera katunan bisa shekara, abu ya fito fili. A 1598 wani marubuci, Francis Meres, ya lissafa wasanni 12 da sunan Shakespeare, ya kuma ambaci Edward de Vere, basaraken Oxford, daban a matsayin wani marubucin. A wasiyyar mutumin Stratford ta 1616 an bar wa Burbage da Heminges da Condell, 'yan wasan da suka yi aiki da Shakespeare, sule 26 da kobo 8 kowannensu don su sayi zoben tunawa. Heminges da Condell ɗin nan su ne suka tattara babban kundin 1623 mai wasanni 36, inda marubuci Ben Jonson ya danganta mawallafin da Avon, kogin garin Stratford, Leonard Digges kuma ya ambaci abin tunawa da shi a Stratford. Katunan shakka kuwa daga baya can suka faro: littafin Delia Bacon 1857 ne, na J. Thomas Looney da ya tsayar da de Vere a matsayin mawallafin kuma 1920.

Wasu membobi sun ja da cewa layin zoben an cusa shi ne tsakanin layuka, don haka yana iya zama ƙari. Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce layin yana cikin kwafen da kotun gado ta yi wa rajista a shekarar ta 1616, tun kafin kowa ya san za a yi gardama.

Batun de Vere bai ci mana lokaci ba. Ya rasu a 1604, alhali wasan The Tempest ya ɗauko bayanai daga labarin jirgin ruwan da ya tarwatse a Bamuda a 1609. Magoya bayansa na cewa wasiƙar William Strachey, ɗaya daga cikin mutanen jirgin, mai ɗauke da labarin, ba a buga ta ba sai 1625, amma wannan bai dawo da mamaci ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne ƙidayar salo, domin nan ne masana ke muhawarar gaske a yau: wane fage ne nasa, wanne ne na abokin aikinsa. Mun gwada da wasan Henry VIII, wanda James Spedding ya raba tsakanin Shakespeare da John Fletcher tun 1850. Ga yadda aka yi. An ba kowane mutum biyu fage ɗaya, kowa ya ƙirga shi kaɗai, sannan a gwama. Ana ƙirga kalmomin Turanci masu ma'ana ɗaya: ye da you, sai 'em da them, sai hath da has. Fletcher mai son ye ne da 'em, Shakespeare ya fi amfani da you da them da hath. Bayan haka a ƙirga layukan da suka ƙare da ƙarin gaɓa marar nauyi, abin da Fletcher ya fi yawaitawa. A ƙarshe a mayar da kowane adadi bisa layi 100, don dogon fage kada ya rinjayi gajere.

Zagayen farko ya lalace, kuma laifin namu ne. Rukunoni sun yi aiki da bugu daban-daban, wasu da bugun makaranta da aka sabunta wa rubutu, sai alƙaluma suka ƙi haɗuwa. Dole aka koma hoton kundin 1623. Shi ma yana da tarkonsa. Charlton Hinman ya nuna a 1963 cewa masu jera haruffa da dama ne suka yi aikin a maɗaba'a, kowa da ɗabi'arsa: wani doe da goe yake jerawa, wani do da go. Wasu wasannin kuma wani magatakarda, Ralph Crane, ne ya kwafe su kafin su isa maɗaba'a, da nasa salon alamomin rubutu. Wanda ya ƙirga yanayin rubutun kalma, hannun ma'aikaci ya ƙirga. Gajeren fage ma ba ya ba da hukunci, kalma biyu ko uku sun isa su juya sakamako. Da aka gyara, rabonmu ya zo kusa da na Spedding.

Mun kawo wa membobi misalin marsiyyar 1612 mai sa hannun W.S. don kada kwamfuta ta ruɗe mu. Donald Foster ya jingina ta ga Shakespeare da ƙidaya, har ta shiga wasu manyan bugu a Amurka, sannan a 2002 ya amince ta John Ford ce.

Ta fannin al'umma, mun shirya muhawarar ɗaliban sakandare. Ƙa'idar ita ce duk hujjar da ba ta da shekara da sunan mai shaida ba ta da maki. Ɓangaren masu shakka sun fi iya baki, gaskiya, amma yawancin abin da suka zo da shi daga bidiyoyin intanet ne, makinsu ya zube a nan. Mun kuma lura cewa hujjar "ɗan talaka ba zai iya ba" ta fi komai tayar da ƙura a zauren, har alƙalai suka tunatar da su cewa marubucin wasanni Christopher Marlowe ɗan baduku ne, Jonson kuma agolan magini.

Matsayar kwamiti ita ce a koyar da cewa takardun zamaninsa suna tare da mutumin Stratford, a kuma gaya wa ɗalibai cewa ya yi rubutun haɗin gwiwa da Fletcher da Middleton da Wilkins da Peele. Takardar jagora mai shafi biyu da katunan hujja suna wurin sakatare ga mai buƙata.

Aikin badi shi ne wasannin Henry VI guda uku, waɗanda bugun Oxford na 2016 ya sa sunan Marlowe a kansu tare da na Shakespeare. Muna neman masu ƙidaya, kuma muna roƙon ma'aji ya ware kuɗin buga hoton shafukan kundin tun kafin zaman farko, kowa ya riƙe bugu iri ɗaya.

Wassalam,
Kwamitin Nazari