Keken jariri da matakalar lantarki: a cire yaron tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a jaridarka don mu ja hankalin iyaye a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami. Sana'armu haɗawa da gyaran lif da matakalar lantarki, wato matakalar nan mai tafiya da kanta wadda ake kira eskaleta. Tambayar da muke son amsawa ita ce: ko ya dace a tura keken jariri, wanda a nan aka fi sani da puset, a kan wannan matakala alhali yaron yana ciki? Amsarmu ita ce bai dace ba, ko hawa ne ko sauka, ko keken sabo ne dal.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Garwa ko Marwa ko Kusiri da wannan magana, tunda matakalar ba ta cika gidajenmu da kasuwanninmu ba. Ai rashin sabon ne ya sa muka rubuto. Mutanenmu matafiya ne. Daga filin jirgin Garwa da na Injamena ake tashi zuwa aikin Hajji, masu Umara suna tafiya da iyali har da na goye, 'yan kasuwa suna Dubai da Istanbul da Guwanzu. Uwar da ba ta taɓa taka wannan na'ura ba sai ta fara haɗuwa da ita a filin jirgin Jidda, ko a Masallacin Harami inda ake hawa benayen sama da ita, ga gajiya, ga kaya, ga jama'a suna turo ta daga baya. A nan ba wurin koyo ba ne.

Matsalar ta fara daga awo. Yawancin matakalun nan a kishingiɗe suke da digiri 30, wasu 35, kuma suna tafiyar rabin mita a daƙiƙa ɗaya. Wurin da ƙafa ke tsayawa a kowane mataki, daga gaba zuwa baya, kimanin santimita 40 ne, bai cika kamu ɗaya na babban mutum ba. Tsayin da ke tsakanin mataki da na gaba da shi kuwa kusan santimita 20, taƙi guda ke nan. To a auna keken jariri: tsakanin tayoyin gaba da na baya ya kan wuce rabin mita. Ba yadda za a yi tayoyi huɗun su zauna a kan mataki ɗaya. Dole biyu su kasance a wani matakin, biyu a wani.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne bakin shiga. A nan matakai biyu ko uku ne a shimfiɗe kamar daɓe, keke ya hau lafiya lau, uwa ta ga ai ba komai. Daƙiƙa biyu bayan haka sai matakan su fara rabuwa. In sauka ake yi, matakin da tayoyin gaba ke kai ya yi ƙasa da taƙi guda, keken ya sunkuya, kan yaro ya nufi gangare. In hawa ake yi, gaban keken ya ɗaga, nauyinsa duka ya dawo kan mai turawa, wanda shi ma a bakin mataki yake tsaye, sau da yawa rabin ƙafarsa a iska. Keke mai kilo 8 ko 10, da yaro, da jakar kaya, ba abin da za a tare da yatsu ba ne a kan ƙasa mai tafiya.

Dabarar da masu ganin sun iya suke yi ita ce su danna mariƙin keken ƙasa, su ɗaga tayoyin gaba sama, su bar na baya kaɗai a kan mataki. Ta kan yi aiki, shi ya sa ake maimaita ta. Amma a duba hannuwan mai yin ta: duka biyun suna kan keke, ba ko ɗaya a kan bel ɗin robar da aka yi don riƙewa. Matakalar kuwa tana iya tsayawa ba sallama. Birkinta an yi shi ne ya kama da kansa da zarar wuta ta yanke, kuma akwai na'urorin tsaro da dama a cikinta da ke kashe ta in wani abu ya maƙale, ban da yaron da zai danna jan maɓallin tsayarwa don wasa. A gudun rabin mita a daƙiƙa, cikin abin da bai wuce mita ɗaya ba take tsayawa cak. Wanda ya riƙe bel zai ɗan yi tangaɗi ya tsaya. Wanda ke daidaita keke a kan tayoyi biyu zai bi keken. Mu da muka san halin wuta a ƙasashenmu ba sai an yi mana dogon bayani a kan ɗaukewarta ba.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne bakin fita. A nan matakan suke shigewa ƙarƙashin wani farantin ƙarfe mai haƙora, wanda muke kira mataji saboda kamarsa da na taje kai. Haƙoransa suna shiga cikin tsagogin da ke kan mataki, an yi shi ne don ya zame takalmi ya fitar da shi waje. Tayar gaban keken jariri ƙarama ce, kuma mai juyawa ce kamar ta kujerar ofis. In ta iso mataji a karkace sai ta toge. Keken ya tsaya, matakala ba ta tsaya ba. Ƙafafun mai turawa suna ci gaba da tahowa, ya haɗu da keken, keken ya tashi ta baya ya kife gaba. Sannan a lissafa na baya: kowace daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba sai sabon mataki ya iso. Cikin daƙiƙa 10 matakai 12 ne, kuma mai faɗin mita ɗaya yana ɗaukar mutum biyu. A wuri mai cunkoso kamar Harami bayan sallah, mutum 20 ke nan za su zubo a kan uwa da jaririn da ke ƙasa, ba wanda zai iya ja da baya domin ƙasan da yake tsaye a kai ce ke kawo shi. Matakan kuma ba katako ba ne ko siminti mai laushin baki. Ƙarfe ne mai tsaga-tsaga, gefensa yana yanka.

Akwai kuma gefe. Tsakanin mataki mai tafiya da bangon ƙarfen da ba ya motsi akwai 'yar tazara, wadda ƙa'idar Turai ta EN 115 ta ce kada ta wuce milimita 4 a kowane gefe. Ƙarama ce, amma roba in ta goga bangon sai ta kama, matakin ya ja ta ciki. Haka take yi wa tayar keke, da silifa, da takalman roba masu laushi da yara ke sawa. Haka take yi wa bakin bargo ko igiyar jaka da ke lilo daga keke. Buroshin da ake gani a jere a gefen an sa shi ne don ya taɓa ƙafa ya tuna mata ta matsa tsakiya, ba na goge takalmi ba ne, ko da yake kullum sai an ga mai gogewa. Ita dai wannan ƙa'idar ce ta wajabta a manna hotunan gargaɗi a bakin shiga, kuma cikinsu akwai hoton keken jariri da jan layi a kansa. Ba sai mutum ya iya Faransanci ko Larabci ba kafin ya karanta shi.

Masu cewa ai an ɗaure yaron da bel ɗin keke, gaskiya ne bel ya kan hana shi fita, amma ba ya hana keken kifewa da shi. Kuma yawancin kekunan da ke hannun mutanenmu na gwanjo ne: bel ya tsinke ko ya ɓace, birki ya saki, makullin naɗewa ya yi sanyi har keken ya kan naɗe da kansa in an matsa shi. A ƙara da jakar da ake ratayawa a mariƙi, wadda ke jan keken baya ko a ƙasa mai shimfiɗe. Kason da kan jariri ke ɗauka a nauyin jikinsa ya fi na babba, wuyansa ba ya riƙe kan sosai sai ya kai wajen wata 4, saboda haka in ya faɗo kai ne ke fara isa.

To me za a yi? A nemi lif. A filayen jirgi da manyan kantuna da wuya a sa matakalar lantarki ba a sa lif a kusa ba, saboda masu keken guragu. Alamarsa hoton akwati ne da mutane a ciki da kibiya sama da ƙasa. In ba a gani ba a tambayi ma'aikaci ko mai gadi, ko da nuni ne da hannu. Jiran minti biyar ne.

In lif ya lalace ko babu shi, ga yadda ake yi. A koma gefe, nesa da bakin matakala da kamar mita biyu, kada a tare hanya. A taka birkin keke. A ciro yaro a goya shi, a ɗaura zani a ƙara majanyi, a cusa bakin majanyin kada ya yi lilo. A nan iyayenmu mata sun riga masu ƙera keke dabara, domin goyo yana barin hannu biyu a sake, ɗaya ya riƙe bel, ɗaya ya tattare hijabi ko abaya ya ɗaga daga ƙasa. Wannan tattarewar ba ƙaramin abu ba ce, mataji yana cin dogon tufafi, kuma maza masu babbar riga da harami su ma su ji. Sannan a kwashe kayan da ke cikin keken, a naɗe shi, a tabbata ya kulle, mutum na biyu ya ɗauka da hannu ɗaya. Mai keke ya kasance a ƙasa da mai goyo koyaushe: in sauka ne shi ke gaba, in hawa ne shi ke baya, da matakai uku ko huɗu a tsakani, don in keken ya kuɓuce kada ya sami yaron. Uwar da ke ita kaɗai ta goya ɗanta ta nemi ma'aikaci ya ɗaukar mata keken. Kada ta rungumi yaro da hannu ɗaya ta ja keke da ɗayan.

In akwai yayan jaririn mai shekara 3 ko 4, a riƙe hannunsa, ya tsaya a tsakiyar mataki cikin layin nan ruwan ɗorawa, ba zama, ba jingina da gefe. In an zo fita a ɗaga ƙafa a tsallake mataji, a wuce gaba nan take. Kada a tsaya a bakin fita ana gyara goyo.

Matakalar da aka kashe ita ma ba hanyar keke ba ce. Tsayin matakanta bai daidaita ba a farko da ƙarshe, ya kuma fi na bene, sannan wasu ba a kashe suke ba, jira suke mutum ya matso su tashi.

Akwai 'yar'uwarta marar matakai, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma mai tafiya. Wadda take a kwance a filin jirgi da sauƙi, in dai hoton bakin shiga bai hana ba: a riƙe keken da kyau, a ɗan ɗaga tayoyin gaba wajen fita. Mai gangara ta cikin manyan kantuna, wadda karkatarta kan kai digiri 12, ita ce ke ruɗa mutane, don suna ganin kekunan sayayya suna tsayawa a kanta ƙyam. Tayoyin waɗancan an ƙera su ne su shige tsagogin su kulle. Na keken jariri ba su da wannan, in an saki hannu sai ya gangara.

In abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, abu na farko danna jan maɓallin tsayarwa ne. Akwai ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yawanci can ƙasa kusa da inda bel ɗin roba ke shigewa. Duk wanda ya fi kusa ya danna, wanda ke tsakiya ya ɗaga murya a danna. In tufafi ne suka maƙale kada a tsaya ja-in-ja da inji, a tuɓe ko a yaga. In yatsa ne ko ƙafa kada a fizge, a jira ma'aikata, su ne ke da makulli da kayan kwance mataji. Jaririn da ya faɗo ya bugu a kai a kai shi asibiti ko da ya yi shiru ya kama nono, kada a tsaya shafa masa mai. A gaggauta ƙwarai in yana amai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, ko maɗiga ta kumbura, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci. Kada a girgiza shi don a ga ko zai farka.

Roƙonmu biyu ne ta hannunka, Malam Edita. Masu shirya tafiyar Hajji da Umara a Garwa da Marwa da Ngaundare da Injamena su sa wannan a cikin bitar maniyyata, kamar yadda ake koya musu ɗaura harami, a nuna musu hoton matakalar da na jan maɓallin tun kafin su hau jirgi. Masu gina manyan kantuna da otal-otal kuma, in za su sa matakalar lantarki su sa lif a inda ido zai gan shi daga bakinta, su kafa sandunan ƙarfe a bakin shiga yadda mutum zai wuce amma keke ba zai wuce ba, kuma in lif ya lalace a ajiye ma'aikaci ya riƙa taya iyaye ɗaukar keke har a gyara.

Mun gode. Wassalam.

Daga wasu masu gyaran lif da matakalar lantarki,
Garwa, Arewacin Kamaru