Hatsin baba da gardamar jari-hujja

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta hana mu shan shayi lafiya a fadarmu yau kwana uku. Wani ƙanenmu ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zo mana da cewa wai jari-hujja ce uwar ci gaba, kowa tashi ta fisshe shi, wani kuma ya ce ina, gurguzu dai, a ƙwace a raba. Ni dai ban yi lakkol mai zurfi ba amma na san hatsi.

Tun ina yaro a ƙauyenmu wajen Gidan Rumji abu guda nake gani. Da kaka baba zai sussuke hatsi ya kai kasuwa ya saida tiya da arha don ga bashin da aka ci da damina ga haraji ga bikin ɗiya, mai kuɗi ya saye ya jibge a mangaza ya sa kwaɗo ya yi zamansa, sai watan Agusta rumbu ya koma wayam mu dawo mu sayi hatsin nan dai namu ninki biyu, wani lokacin ma bashi. Wanda ya ga 2005 a Maradi ba sai an mishi bayani ba. An yi fari an yi fara a 2004, gaskiya ne, amma buhuna na nan jere a kasuwa, motoci na lodi zuwa Najeriya inda farashi ya fi, yara kuma tamowa na cin su. Hatsi akwai, kuɗin saye ne babu.

To amma fa ba zan zagi Alhazai ba. Garin nan kasuwa ta gina shi, tun zamanin gujiya har fataucin Dan Isa da Jibiya da Katsina. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, ɗan dako da ɗan kabu-kabu suka fara kwana da yunwa kafin mai mangaza. Abin da ƙanen namu bai lura ba, shi kanshi Alhajin ba shi kaɗai yake tafiya ba, zai ba yaronshi kayan miliyoyi ba takarda ba sa hannu, amana kawai, in ɗayansu ya karye sauran su tallabe shi. Wato manya haɗa kai suke, talaka ne ake ce ma je ka yi kokawa kai kaɗai.

Shi ma mai gurguzun na ce mishi ya tambayi tsofaffi labarin UNCC, hukumar ba manoma bashi da haɗa kansu, da koperatib ɗin gwamnati da samariyar zamanin Kountché. Daga sama aka ɗoro su, da gwamnati ta janye hannu yawanci suka watse.

Wanda ya tsaya da ƙafarshi shi ne na mata. Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, yanzu ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Innata na cikin wata ƙungiya, duk Alhamis su baza tabarma a tsakar gida, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai hannun mata uku daban, kowa ta jefa dala ashirin ana kiran suna ana amsawa. Bara da kaka suka sayi buhuna suka ajiye, da damina suka saida ma junansu da sauƙi kuma riba ta koma akwati. Kasuwanci ne fa sosai, har tara suke cin wadda ta makara. Ba wai ba a rigima ba, akwai wadda ta ɗau rance miji ya karɓe ya ƙara aure da shi, wata biyu ana shari'a a zauren mai gari.

Mu maza kuwa gayya ma ta mutu, yanzu ka kira noma sai a tambaye ka nawa ne, rabin samarin kuma suna wajen haƙar zinare. A fadarmu dai tun kafin gardamar nan mun yanke kowa ya riƙa zuba jaka guda duk Juma'a mu sayi hatsi in kaka ta yi. Ɗan jami'ar namu sati biyu ke nan bai zuba ba, wai sai an biya su burs.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi